Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga ofisoshin harajin birane da gundumomi: ku faɗa mana wa ke karɓar me

Ranku ya daɗe, barkanku da aiki.

Ina rubuto muku ne a madadin ire-irena, ƙananan masu saukar baƙi na kwana biyu kwana uku, mutanen da ke da ɗaki ɗaya ko ɗan fulat guda suka saka shi a manhajar neman masauki irin su Airbnb ko Vrbo ko Booking.com don ya riƙa kawo ɗan abin rufin asiri. Masu gidaje hamsin suna da akanta da lauya, su ba sai na yi musu magana ba. Kuma tun daga farko bari in kwantar muku da hankali, ban zo roƙon a yafe mana harajin kwana ba. Mai otal yana karɓar wannan kuɗi a hannun baƙonsa ya miƙa muku tun kafin a san wani abu wai shi manhaja, in dai sana'a ɗaya muke yi, wato sayar da wurin kwana, to babu dalilin da shi zai biya mu mu zame. Masu otal da suke ta ƙorafi a kan haka tun shekarun baya suna da gaskiyarsu, ni na yarda.

Abin da ya dame ni daban ne. Kuɗin nan ba daga aljihuna yake fita ba, baƙo ne yake biya, ni amana ce kawai take ratsa hannuna ta wuce zuwa gare ku, to tunda kun mai da ni ma'aikacinku na karɓar haraji ba albashi ba takardar kama aiki, ai mafi ƙarancin abin da ya kamata ku yi min shi ne ku gaya min a fili nawa zan karɓa, a kan me zan karɓa, wa zan kai wa, kuma wane kaso ne kamfanin manhaja ya riga ya biya da sunana. A yawancin wurare babu wanda yake gaya maka wannan a shafi ɗaya, sai ka yi ta tone-tone a intanet, ka kira ofis a ce ka tambayi manhaja, ka tambayi manhaja ta ce ka tuntuɓi hukumar yankinka, ka dawo inda ka fara.

Ku duba Houston a jihar Texas ta Amurka. Baƙo ya kwana dare ɗaya, harajin da ke kansa kashi 17 cikin 100 ne, amma ba hannu ɗaya yake shiga ba, jiha tana da 6, birni yana da 7, gundumar Harris tana da 2, hukumar wasanni ita ma 2. Hannu huɗu a kan gado ɗaya. Airbnb ya fara karɓar kason jihar Texas a 2017, sai dai wannan magana ce tsakaninsa da jiha, kason birni kuma kowane birni da nasa lissafin da nasa tsarin. Yanzu mutum sabon shiga ya buɗe rasit ɗin baƙonsa ya ga an rubuta an cire haraji, me kuke so ya ɗauka? Ai cewa zai yi shikenan an gama. Ba zai san cewa layin nan ɗaya da ya gani wataƙila rabin labarin ne ba sai ranar da wasiƙarku ta iso, da tara a kai, da kuɗin ruwa na wata da watanni, alhali baƙin da ya kamata ya karɓa a hannunsu sun daɗe da komawa garuruwansu, babu wanda za ka kira bayan shekara biyu ka ce masa malam akwai cikon haraji a kwanan da ka yi. Daga nan kuɗin da doka ta ce baƙo ne zai biya ya koma kan mai ɗaki gaba ɗaya.

Florida ma ta fi haka rikici. Akwai kashi 6 na jiha, akwai ɗan ƙarin da gunduma kan ɗora, sannan akwai harajin bunƙasa yawon buɗe ido wanda shi ma na gunduma ne, kuma cikin gundumomi 67 na jihar wasu sun bar wa ofishin harajin jiha ya karɓar musu, wasu sun ce a'a mu za mu karɓi abinmu da kanmu. Gundumar Palm Beach har kotu ta kai kamfanonin manhajar tana neman a tilasta musu karɓa, a 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba su doka ta ɗora wa wannan nauyi ba. To wa ya rage? Mai gida. Giwaye biyu sun yi shekaru suna shari'a, ƙarshenta ciyawa ce ta kwan a ciki.

Ni fa ban ce ku kaɗai ne da laifi ba. Kamfanonin nan suna cire kamashonsu a kowane ɗaki da aka kama, kuɗin baƙo ta hannunsu yake bi, su suka san ranar shiga da ranar fita da adadin mutane da adireshin gida, duk abin da ake bukata don lissafa haraji yana cikin kwamfutarsu kafin ma ni in ga sanarwar. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Kuma ba wai ba su iya ba ne, tun 2014 Airbnb ya fara karɓa yana miƙawa a Portland da San Francisco, a 2015 ya fara a Amsterdam da Paris. Faransa ce ma ta yi abin da nake ganin ya fi dacewa, ta daina bin kamfani ɗaya-ɗaya tana lallashi, daga Janairun 2019 doka ta ce duk manhajar da kuɗin baƙo ke bi ta hannunta a madadin mai gidan da ba sana'arsa ce ta dindindin ba, dole ita za ta karɓi harajin ta kai wa hukumar gari. A Amurka ma bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2018 a shari'ar South Dakota da kamfanin Wayfair, jihohi da dama sun yi dokokin da suka ɗora wa kasuwannin intanet nauyin karɓar haraji. Hanya dai a buɗe take. Abin da ban gane ba shi ne me ya sa har yanzu wasunku suka fi son yarjejeniyar ganin dama, wannan kamfani ya sa hannu wancan bai sa ba, sai ɗaki ɗaya tak ya zama baƙon da ya zo ta wannan manhaja an biya masa, wanda ya zo ta waccan ni zan biya, wanda ya kira ni kai tsaye don ya taɓa sauka a wurina shi ma ni zan biya, kuma duk a fom ɗaya kuke so in raba su ba tare da na yi kuskure ba.

Sai maganar a kan me ake lissafawa, wadda ita ce take cin mutane a ɓoye. A ce wuri ne mai kashi 14 kamar San Francisco ko Los Angeles, ɗaki dala 100 a dare, baƙo ya yi kwana uku, ga kuɗin shara da wankin zanin gado dala 60. In a kan kuɗin kwana kaɗai ne harajin dala 42 ne, in an haɗa da kuɗin shara ya zama dala 50 da ɗan ɗoriya. Bambancin dala takwas ba komai ba ne a baƙo ɗaya, amma ku ninka shi da baƙin shekara uku sannan ku ɗora tara. A wurare da yawa duk kuɗin da baƙo ba shi da zaɓi sai ya biya yana cikin abin da ake cire wa haraji, to me zai hana ku rubuta haka da manyan haruffa a saman fom? Kuɗin zuwa da kare ko mage fa, kuɗin ƙarin mutum fa, wanda ya fasa zuwa aka riƙe masa rabin kuɗinsa alhali bai kwana ba fa, ajiyar da aka karɓa don ɓarna aka mayar fa? Kowanne cikin waɗannan tambaya ce da mai ɗaki yake cin karo da ita kusan kowane wata, kuma amsar tana cikin wata doka mai shafi arba'in da aka rubuta don otal mai ɗaki ɗari uku.

Ga kuma iyakar kwanaki. A Kalifoniya harajin yana kan wanda ya yi kwana 30 ko ƙasa da haka. A Texas wanda ya yi kwana 30 a jere ya fita daga ciki. A Florida sai an wuce wata shida, a Hawaii kuwa ƙasa da kwana 180 duk baƙo ne. Wannan ba laifi, kowa da dokar garinsa. Amma a aikace baƙi ba sa tafiya a kan layi, mutum zai kama sati uku don wani aiki, aikin ya ja, ya ce a ƙara masa sati biyu, yanzu ya tsallake kwana 30, to harajin da aka riga aka karɓa na sati ukun farko ya matsayinsa, a mayar masa ko a'a, in za a mayar wa zai mayar, ni da ban taɓa riƙe kuɗin ba ko manhajar da ta riga ta tura muku? Wallahi irin wannan tambayar in ka yi wa mutum biyu a ofis ɗaya sai ka samu amsa biyu, kuma babu wanda zai yarda ya rubuta maka ita a imel.

A gefe guda ma salon lissafin kansa ya sha bamban, wanda ke da ɗaki a ƙasa biyu ya san wannan. Amsterdam kaso take ɗauka, 12.5 cikin 100 tun 2024. Tokyo, wadda ta fara nata tun 2002, ƙayyadadden kuɗi take karɓa a kan kowane mutum kowane dare gwargwadon tsadar ɗakin, Kyoto ta biyo baya a 2018. A Faransa gidan da ba a ba shi matsayi na tauraro ba sai a raba kuɗin dare da yawan mutanen da suka kwana, a cire kaso tsakanin 1 zuwa 5 cikin 100, yara 'yan ƙasa da shekara 18 kuma ba sa biya, kenan dole ka san baƙinka nawa ne manya nawa ne yara. Ban kawo wannan don in ce ku zama iri ɗaya ba, na kawo ne don ku ga cewa ba abu ne da mutum zai iya cinka da hankalinsa ba, sai an gaya masa.

Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne fom ɗin babu-komai. Wata ya wuce ba ka samu baƙo ko ɗaya ba, ko ka samu amma manhaja ta biya komai, duk da haka a wurare da dama dole ka shiga ka cika fom ka rubuta sifiri, in ka manta kuma tara ce, tarar rashin kawo rahoton kuɗin da babu shi. Na fahimci dalilinku, kuna so ku bambance wanda bai yi ciniki ba da wanda ya yi ya ɓoye. To amma mai ɗaki ɗaya da yake saukar baƙi lokacin hutu kawai, me zai hana a bar shi ya kawo rahoto sau ɗaya a wata uku ko ma a shekara? Wasunku suna yin haka ga ƙananan masu biya, kuma ban ji an ce baitulmalinsu ya rushe ba. Aikin ma'aikatanku ma zai ragu, don na tabbata kuɗin da ake kashewa wajen bin fom ɗin sifiri ya fi abin da fom ɗin ke kawowa.

Na san abin da za ku ce, za ku ce kamfanonin manhaja dunƙulallen kuɗi suke turo muku ba sunaye ba adireshi, don haka ba ku da hanyar sanin na wa aka biya na wa ba a biya ba. Gaskiya ne a yarjejeniyoyi da yawa haka aka yi, kuma ku kuka sa hannu a kai don kuna son kuɗin su fara shigowa. To sakamakon ke nan, ranar da kuka zo binciken littattafaina ni ne zan nemo hujjar cewa wani kamfani ya biya ku wani kuɗi da ni ban gani ba ku ma ba ku iya warewa ba. Shi ya sa kullum nake gaya wa 'yan uwana masu wannan sana'a su riƙa sauke rahoton kowane wata daga manhaja su adana, da rasit ɗin kowane baƙo, su buɗe asusu daban a banki wanda harajin baƙin kai tsaye zai riƙa shiga ranar da aka biya, kada ya kwana cikin kuɗin cefane ko na gyaran famfo, don kuɗin amana in ya gauraya da naka kafin ƙarshen wata ya narke. Mu muna iya ƙoƙarinmu ta nan. Tarayyar Turai ta riga ta nuna cewa matsalar bayanan nan tana da magani, dokar da ta zartar a 2024 wadda aka tsayar da Mayun 2026 don fara aiki da ita ta tanadi lambar rajista ga kowane gida a inda ake da tsarin rajista, manhajoji kuma su riƙa tura wa hukuma bayanan kwanakin da aka yi a kowace lamba. In akwai lamba ɗaya da ni da ku da manhaja duk muka sani, ai gardamar wa ya biya wa bai biya ba ta ƙare.

Akwai wata magana da ba a cika faɗa a fili ba, bari ni in faɗa. Da yawa cikin waɗanda ba sa rajistar haraji ba kuɗin suke gudu ba tunda ba su ke biya ba, tsoro suke ji kada sunansu ya fita daga ofishin haraji ya faɗa ofishin tsara gari a ce musu unguwarku ba a yarda da wannan haya ba. Ni ban goyi bayan ɓuya ba, in gari ya hana ya hana, mutum ya nemi wata sana'ar. Amma ku ma ku daidaita bakinku mana, kada wannan ofis ya karɓi rajistata da kuɗina shekara biyu yana ba ni rasit, sannan ofishin da ke hawa na sama a gini ɗaya ya aiko min da takardar cewa tun farko haramtacciyar sana'a nake yi. Ku tambaye ni lasisi ranar da na zo rajistar haraji, in babu ku gaya min a take. Kuma wasunku suna biyan kamfanoni masu bin tallace-tallacen gidaje a intanet suna gano adireshi daga hotuna, ba laifi, ku kama masu gidaje goma da suka ɓoye, amma wasiƙar farko da za ta je wa mai ɗaki ɗaya ta zama ta bayani da wa'adin gyara, wanda ya zo da ƙafarsa ya ce ga abin da ake bina ku karɓi asalin kuɗin ku ɗage masa tarar. In kun sa mutum ya ga cewa fitowa fili ya fi ɓuya tsada, to ɓuyan zai ci gaba da yi.

Ladan aiki kuma ba zan ji kunyar tambaya ba. Texas tana rage kashi 1 cikin 100 na harajin jiha ga wanda ya kawo a kan lokaci, Florida tana barin wanda ya biya ta intanet a kan kari ya riƙe kashi 2.5 na dala 1,200 na farko, wato bai wuce dala 30 ba. Kuɗin ba yawa, ko awa biyun da mutum yake ɓatawa a kan fom bai biya ba, amma aƙalla alama ce ta an san aiki kake yi wa hukuma. Sauran da ba sa ba da ko sisi, su kuma tararsu ta fi ta kowa saurin sauka, su duba wannan.

Daga ƙarshe ina kuɗin suke tafiya? Baƙi suna tambayata, maƙwabta ma suna tambayata, kuma maƙwabtan nan su ne suke jure jan akwati da tsakar dare da ƙarin shara da motar baƙo a ƙofar gidansu. A Texas doka ta ɗaure kason birni a kan abin da zai bunƙasa yawon buɗe ido da harkar otal da manyan zaurukan taro, Florida ma kusan haka, wato kuɗin da aka tara daga cikin unguwa ya tafi tallar kawo ƙarin baƙi cikin unguwar. Ni a ganina wannan tsari an yi shi ne lokacin da baƙi a otal kawai suke kwana. Edinburgh ta Scotland da ta tsayar da 24 ga Yulin 2026 don fara karɓar kashi 5, a kan dare biyar na farko kawai, ta ware wani ɓangare don matsalar gidajen zama, kuma ko ba komai ta sanar da ranar farawa da wuri mutane suka samu lokacin shiri. Wannan ma darasi ne, don mu ana kama mana ɗaki wata shida kafin ranar zuwa, in kun ƙara kaso yau kuka ce gobe zai fara, wanda ya riga ya biya a tsohon farashi cikonsa daga ina zai fito?

Don haka abin da nake roƙo, ranku ya daɗe, shafi ɗaya ne a gidan yanarku, wanda zan saka adireshin gidana ya nuna min duk harajin da ke kansa da kason kowanne, da sunan kowace manhaja da abin da take karɓa da ranar da ta fara, da jerin kuɗaɗen da ake lissafawa a kai, da abin da zan yi in baƙo ya tsallake iyakar kwanaki, a kuma sa kwanan watan da aka sabunta shi a ƙasa. In na bi abin da shafin ya ce sannan daga baya ya zama ku ne kuka yi kuskure, kada a ci ni tara a kai. Sannan lambar waya ɗaya ko imel ɗaya da wanda zai amsa ya yarda ya ba ni amsar a rubuce.

Na gode da lokacinku.

Naku,
ɗaya daga cikin ƙananan masu saukar baƙi